Hukuncin Taurari: Tsakanin Girmama Mutum da Auna Maganarsa

 Mas'alar da aka ɗora mini in yi bahasi a kanta ita ce: mutumin da ya gaskata cewa taurari suna da hukunci a kan arzikinsa da aurensa da ajalinsa, shin abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu tunkare shi da hujjar hankali, ko kuwa mu kame bakinmu domin girmama abin da ya ƙudurce a ransa? Abin da ya sa tambayar ta yi nauyi shi ne, wanda ake magana a kansa namu ne na cikin gida. Sau da yawa kakarmu ce, ko maƙwabcinmu, ko attajirin da ba ya ɗaure kaya sai an zaɓa masa rana, ko kuwa ɗan boko mai digiri wanda yake buɗe wayarsa da sassafe domin ya ga abin da burujinsa ya ce masa.

Kafin a ce za a yi jayayya ko za a yi shiru, wajibi ne a san a kan me ake magana, domin abubuwa biyu ne suke tafiya da suna ɗaya a bakin jama'a, kuma malamanmu na farko sun daɗe da raba su. Na farko shi ne sanin tafiyar rana da wata da taurari, da lissafin lokutansu, wanda suka kira ilmin tasyiri ko ilmin falaki. Na biyu shi ne da'awar cewa wannan tafiya tana zartar da wani abu a cikin sha'anin ɗan Adam, wanda suka kira ilmin ta'asiri ko ahkamun nujumi. An ruwaito daga Ƙatada, malamin tafsiri na Basra daga cikin tabi'ai, cewa an halicci taurari ne domin ƙawata sama, da jifan shaiɗanu, da kasancewa alamomi ga matafiya, kuma duk wanda ya nemi wani abu daban a cikinsu ya ɗora wa kansa abin da ba shi da ilmi a kai.

Na farkon nan muna da shi a gonakinmu tun kaka da kakanni, kuma ina roƙon matasa kada su raina shi. Tsohon manomi wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya lissafa muku manzilolin wata 28, kowanne da kwana 13 in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla kwana 365, bakwai bakwai a kowane fasali na shekara. Ya san bazara tana ƙarewa da Surayya, wadda muke kira Kaza da 'Ya'yanta, da Dabaran; ya san taurarin damina suna farawa daga Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, kuma idan aka kai Ɗarfa da Jabaha to damina ta yi nisa, ana cikin marka; ya san Sarfa tana buɗe kaka. Da wannan lissafi yake sanin lokacin da zai yi sharar gona, da lokacin da shuka ta makara, da lokacin da ya kamata ya tanadi rumbu. Amma ku lura da halinsa, domin a nan darasin yake: idan tauraron ya kama, sama kuwa ba ta zubo ba, ba ya cewa wani maƙiyi ne ya danne tauraron, sai ya dubi hadari, ya tona ƙasa da ɗan yatsa ya ga iyakar laima, in ya ga dama ya yi binne yana sane da cewa kasada ya yi, in ya ga dama ya jira. Iliminsa yana fuskantar jarrabawa kowace damina a gaban idon kowa, kuma yana karɓar gyara.

Shari'a ma ba ta ƙuntata wa wannan manomi ba. Kun san hadisin Zaidu ɗan Halid al-Juhani da ke cikin Muwaɗɗa, game da safiyar da aka wayi gari a Hudaibiyya bayan ruwan dare, inda aka rarrabe tsakanin wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro. Imamu Shafi'i, da ya zo bayani, sai ya nuna cewa wanda ya ambaci tauraro yana nufin lokaci kawai, kamar mai cewa an yi ruwa a wata kaza, wannan bai kafirta ba, ko da yake wani lafazin ya fi soyuwa gare shi. Wannan insafi ne da ya kamata mu koya, saboda na sha jin masu zafin kai daga cikin ɗalibai suna jifan tsofaffi da shirka don kawai sun ambaci Ɗarfa ko Jabaha, alhali tsohon nan kalandarsa yake karantawa.

Haka kuma bai halatta a gare mu ba mu ɗauka cewa duk wanda ya taɓa shagaltuwa da taurari jahili ne. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, gwani ne a lissafi wanda malaman Masar suka girmama, kuma ya wallafa Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Al-Biruni, wanda da wuya a sami kamarsa a ilmin falaki, ya rubuta littafin Tafhimu a 1029 yana koyar da ƙa'idojin munajjimai, tare da cewa bai ɓoye shakkarsa game da hukunce-hukuncensu ba. A zamanin da likita da mai lissafi da munajjimi suke zama a shimfiɗa ɗaya a fadar sarki, ba abin mamaki ba ne ilmi na gaskiya ya cuɗanya da zato. Abin da ya fi burge ni shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Lokacin da Kyaftin Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 ya nuna masa taswirar sama, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san burujai goma sha biyu da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Shi ne kuma dai ya rubuta littafi yana gargaɗin masu hankali da su nisanci masu rufa-ido da masu duban taurari. Mahaifinsa, Mujaddadi Shehu Usmanu, ya riga ya lissafa a cikin Nurul Albabi masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa ko yanayin taurari a cikin waɗanda ya yi wa inkari. Mutanen nan sun san sama ƙwarai, kuma saninsu da ita ne ya sa suka gane inda iyakarta take.

To, yanzu mu shiga zauren malamin duba mu ga yadda aikin yake gudana, domin gani ya kori ji. Mutum ya zo da damuwarsa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen buzu. Malam zai tambaye shi sunansa na yanka da sunan mahaifiyarsa, ya ɗauko allo ko takarda, ya mai da kowane harafi adadinsa na hisabi, ya tara, ya yi ta zubar da goma sha biyu goma sha biyu, abin da ya rage shi ne burujin mutumin. Daga nan sai ya buɗe littafin nan da ake dangantawa ga Abu Ma'ashar, wanda ake sayarwa a kasuwanninmu, ya karanta masa ɗabi'arsa, ko ta wuta ce ko ta ƙasa ko ta iska ko ta ruwa, da ranar sa'arsa da ranar nahisarsa, da irin macen da tauraronta ya dace da nasa.

Ina so mu yi lissafin nan tare, a hankali. Mu ɗauki mutum mai suna Salihu, mahaifiyarsa Maryam. Maryam a hisabi 290 ce: mim 40, ra 200, ya 10, mim 40. Salihu kuwa yana da sadi, da alif 1, da lam 30, da ha 8. Amma sadi nawa ne? A hisabin mutanen Gabas, wanda littattafan bugun Masar suke bi, sadi 90 ne. A hisabin Magariba, wanda muka gada tare da rubutunmu na allo, sadi 60 ne. Idan aka bi na Gabas, Salihu 129 ne, a haɗa da 290 ya zama 419, a zubar da goma sha biyu goma sha biyu saura 11, wato burujin Dalwu, ɗabi'ar iska. Idan aka bi na Magariba, Salihu 99 ne, jimla 389, saura 5, wato burujin Asad, ɗabi'ar wuta. Mutum ɗaya, uwa ɗaya, rana ɗaya, ya shiga zaure biyu a unguwa ɗaya, ya fito da ƙaddara biyu masu karo da juna. Ban ma taɓo saɓanin da ke kan ta-marbuɗa ba, ko 5 za a ba ta ko 400, wanda ya shafi kowace A'ishatu da Faɗimatu da Hadizatu. Ban kuma tambayi dubban Muhammadu da iyayensu mata suke A'ishatu ba, waɗanda a cikinsu akwai sarki da almajiri, da wanda ya rasu a goye da wanda ya ga tattaɓa-kunne. A duk wannan aiki, ku lura, babu wanda ya ɗaga kai ya dubi sama ko sau ɗaya.

Mai kare wannan fanni zai ce, wannan ai na 'yan kasuwa ne, munajjimi na haƙiƙa da sa'ar haihuwa yake aiki, da ɗali'i, wato burujin da yake ɓullowa daga gabas, da matsayin Zuhal da Mushtari da Mirrihu a lokacin da jariri ya faɗo. Wannan magana ta cancanci amsa, kuma an daɗe da ba ta. Sisero, malamin Rumawa wanda ya rayu kafin haihuwar Annabi Isa, ya tambaya ko dubban sojojin da suka mutu rana ɗaya a yaƙin Kanne duk tauraronsu ɗaya ne. Aka kuma kawo mas'alar tagwaye, waɗanda ake haifa a ɗaki ɗaya cikin sa'a ɗaya, rayuwarsu kuma ta bambanta kamar ba su san juna ba. Sa'an nan akwai abin da masanin falaki Hiparkus ya gano a ƙarni na biyu kafin Miladiyya, cewa wurin da rana take a ranar daidaituwar dare da yini yana ja baya a tsakanin taurari, wanda a lissafin yau ya kai kimanin daraja ɗaya a kowace shekara 72. Saboda haka, a cikin shekara dubu biyu da aka yi ana amfani da jadawalin nan, burujai sun goce da kusan buruji guda, har wanda aka haifa a ƙarshen watan Maris ake ce masa ɗan Hamal ne alhali rana tana gaban taurarin Hutu. Munajjiman Turai suka ce su daga ranar daidaituwa suke ƙirga, na Indiya suka ce su daga taurarin kansu suke ƙirga, tsakaninsu akwai kimanin daraja 24, kuma kowane ɓangare yana da abokan hulɗa masu rantsuwa cewa abin da aka faɗa musu ya tabbata. Ibnu Haldun ya kawo hujjar da ta fi waɗannan zurfi a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377: masu fannin suna cewa jarrabawa ce ta koya musu, alhali jarrabawa ba ta ba da ilmi sai abu ya maimaitu sau da yawa, wasu haɗuwar taurari kuwa ba sa dawowa sai bayan zamani mai tsawon da rayuwar al'ummomi ba ta kai ba. To, wa ya zauna ya ƙirga?

Tarihi kuwa ya ƙirga musu kaɗan. Halifa Mansur ya aza harsashin Bagadaza a 762 a sa'ar da munajjimai Naubahtu da Masha'allahu suka zaɓa, aka kuma yaɗa albishir cewa babu halifan da zai mutu a cikinta. A 813 aka kashe Halifa Amin a cikinta. A 838 munajjimai suka gargaɗi Halifa Mu'utasim cewa Amuriyya ba za ta ciwu ba sai lokacin nunar ɓaure da inabi, ya ƙi saurare, ya tafi ya ci ta, mawaƙi Abu Tammam ya yi ƙasidarsa sananniya a kan haka. Wadda ta fi duka ita ce ta shekarar 582 ta Hijira, daidai da 1186, lokacin da munajjiman Gabas da Yamma suka haɗu a kan cewa taurari bakwai za su taru a burujin Mizani, iska kuma za ta taso ta shafe birane. Mutane suka haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, suka tara ruwa da guzuri, suka shiga suna jiran halaka. Marubucin tarihi Ibnul Asir ya ba da labari cewa iska ta ɗauke a lokacin, har manoma suka rasa wadda za su sheƙe alkama da sha'ir da ita. Abin lura a nan shi ne, lissafin haɗuwar taurarin daidai ne, sun kuwa taru kamar yadda aka faɗa. Hukuncin da aka ɗora a kan haɗuwar shi ne ya rushe.

Sai a ce, in haka ne, me ya sa mutane masu hankali suke cewa an duba musu kuma ya zo daidai? Ba ƙarya suke yi ba, kuma wajibi ne mu fahimci abin da yake faruwa da su. A 1948 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne na musamman, ya nemi su auna dacewarsa daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin abin da suka bayar ya haura huɗu. Daga baya ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani littafin taurari na kan titi ya tsinto jimlolinta. Maganar mai duba babbar riga ce, duk wanda ya saka sai ta rufe shi: kana da maƙiya a kusa da kai, kana yi wa mutane alheri suna saka maka da sharri, akwai wata tafiya a gabanka, akwai kuɗin da aka riƙe maka. Wane baligi ne a cikin wannan majalisi waɗannan ba su shafe shi ba? Ga shi kuma zuciya tana riƙe magana ɗaya da ta dace, ta mance tara da suka kuskure. Da aka toshe wannan ƙofa, a gwajin da Shawn Carlson ya buga a mujallar Nature a 1985, inda aka ba munajjiman da suka yarda da sharuɗɗan gwajin taswirar haihuwar mutum tare da bayanin halaye uku domin su fitar da nasa, sai suka dace a kimanin ɗaya cikin uku, wato daidai da abin da mai canki-canki zai samu.

Yanzu na zo ga masu cewa a girmama, kuma ina ɗaukar maganarsu da nauyi, domin akwai rahama a cikinta. Suna cewa matar da mijinta ya yi nisa babu aike, ko saurayin da ya gama karatu shekaru babu aiki, idan suka je wurin malam suna samun wanda zai saurare su ya kwantar musu da hankali, abin da asibiti da ofis ba su ba su ba. Mene ne ribarka idan ka ƙwace musu wannan? Na yarda cewa buƙatarsu gaskiya ce, na kuma yarda cewa wanda ya yi musu dariya ya yi zalunci. Amma masu wannan ra'ayi sun manta da mutum na uku, wanda ba ya cikin zauren lokacin da ake yanke masa hukunci. Ita ce yarinyar da aka sa wa rana, aka kai lefe, sa'an nan wata gwaggo ta je aka buga, aka ce tauraronta na wuta ne, na yaron na ruwa, aka fasa, ta zauna a gida da tabon da ba ta san dalilinsa ba. Ita ce amaryar da kasuwar mijinta ta karye bayan biki aka ce farar ƙafa gare ta. Shi ne majinyacin da aka ce wa kada ya yarda a yi masa aiki a wannan wata, ciwon kuma bai jira fitar watan ba. Shi ne ɗan'uwan da aka nuna da siffa, aka ce wani baƙi dogo a danginku shi ya danne maka tauraro, zumuncin shekara arba'in ya yanke. Idan muka yi shiru da sunan ladabi, waɗannan ne suke biyan kuɗin ladabin namu, kuma ba a shawarce su ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, mutum yana da hurumi wanda ba ya faɗuwa ko da ya yi kuskure, amma da'awar da ta shafi abin da zai faru gobe ba ta da wani hurumi da zai hana a auna ta. Ina ma ganin kawo wa mutum hujja yana daga cikin girmama shi, domin wanda ka ce a ƙyale shi ba zai gane ba, ka riga ka yanke cewa hankalinsa bai kai naka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Magana ce ta ƙauna, wadda za ta ƙara masa girma a idonsu, kuma yana cikin baƙin ciki, amma duk da haka ya tashi ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ba sa kusufi domin mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Bai muzanta kowa ba, bai kuma bar kuskuren ya kwana ba.

Sai dai yadda ake jayayyar yana iya ɓata ta. A 1975 masana kimiyya 186, cikinsu har da 18 masu lambar Nobel, suka sa hannu a wata sanarwa ta yin tir da duban taurari a Amurka. Carl Sagan, masanin falaki wanda shi kansa bai yarda da duban taurari ba ko kaɗan, ya ƙi sa hannu, saboda a ganinsa sanarwar ta dogara ga girman masu sa hannu fiye da hujja. Ina ganin ya yi daidai, domin wanda aka ce masa ya bari don manya sun ce, ai shi ma da manyansa ya zo. Imamu Gazali kuma ya yi gargaɗi daga ɗaya gefen: a cikin Ihya'u ya bayyana hukuncin taurari da cewa tahmini ne tsantsa, amma a cikin Munƙizu ya yi kashedi da jahilin masoyin addini wanda yake ƙaryata lissafin kusufi da husufi yana zaton taimakon Musulunci yake yi, alhali masu lissafin suna da burhani a hannunsu, sai ya sa su shakkar addinin maimakon shakkar lissafinsu. Waɗanda suke Gusau ko Katsina ranar 29 ga Maris 2006 sun ga duhu ya rufe gari da hantsi a daidai mintin da aka sanar tun shekaru kafin ranar. Mai wa'azin da ya haɗa wannan da bugun ƙasa ya yi musu hukunci ɗaya ya zubar da hujjarsa da hannunsa.

Abin da nake roƙon ɗalibai su yi abu ne mai sauƙi, kuma ba ya buƙatar ɗaga murya a gaban babba. Idan wani naku ya dawo daga wurin duba, ku roƙe shi cikin ladabi ya bari a rubuta abin da aka faɗa masa a ranar, da lafazinsa da kwanan wata, tun kafin zuciya ta yi masa kwaskwarima, a ajiye takardar, bayan shekara a buɗe tare a ƙirga wanda ya faru da wanda bai faru ba. Idan maganar aure ce, ku nemi a yi lissafin sunayen da hisabin Gabas da na Magariba a gaban iyaye, sa'an nan ku tunatar da su istihara da shawara da binciken hali da asali, waɗanda su ne shari'a ta ba mu. Malaman makarantu kuma, na allo da na boko, ina roƙonku ku fitar da yara fili a daren da babu wata, ku gayyato tsohon manomin unguwa ya nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, ya karanta musu manziloli, ku kuma ku bayyana musu dalilin da ya sa Zara take bayyana wani lokaci da magariba wani lokaci da asuba. Masu lissafi sun riga sun sanar cewa ranar 2 ga Agusta 2027 rana za ta yi cikakken kusufi a kan Luksor ta Masar da Jidda da Makka. Ku sa yaran su rubuta wannan ma a littafinsu, kusa da abin da mai duba ya faɗa, su jira su gani.